Ni Aka Sa Tsaron Ƙanwata

Kafin ku fara tausaya min, ku bari in kai aya. Na ga masu rubuto min suna ta cewa, "Allah sarki Tabita, baiwar Allah." Ku adana Allah sarkin nan tukuna, don kafin ku gama karanta wannan za ku ga wadda ta fi ni cancantarsa.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: sunana Tabita, ni ce 'yar fari a gidan Malam Iliya na Madarumfa, mai garkar zogale da albasa a bakin tabki. Mu Kirista ne. Ikkilisiyarmu 'yar ƙarama ce, ranar Lahadi ko kowa ya zo da baƙonsa ba ma cika ɗakin. Samarin da suka isa aure kuwa, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su, kuma rabi 'yan'uwanmu ne na jini. Maƙwabtanmu Musulmi ne, tare muka tashi, kwano ɗaya muke ci, amma in zancen aure ya zo kowa ya san iyakar gonarsa. Haka na zauna har sa'o'ina suka yaye na biyu, ni ina nan ina share ɗakin sujada ranar Asabar.

Abu ɗaya nake da shi, shi ne suna. A garin nan in uwa za ta yi wa 'yarta faɗa sai ta ce, "Ba ki ganin Tabita?" Zanena har idon sawu, kallabina ba ya zamewa, ban taɓa hawa bayan babur ɗin namijin da ba ɗan gidanmu ba. Ban taɓa bari wani ya riƙe min hannu ba. Gaskiya ne duk wannan, ba yabon kai ba. Sai dai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ni a zuciyata ciniki muka yi da Ubangiji: in tsare masa jikina, shi kuma ya biya ni da miji. Na cika nawa, ina zaune ina jiran nasa.

Sai ga Barnaba. Daga Safo ya zo, mai gyaran injin ban ruwa, dogo, baƙi, mai magana a hankali kamar ba ya son tashin kowa daga barci. Ranar da ya gyara injin Baba ni na kai masa fura garka. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu da rana." Maganar da ya yi ke nan, amma ni kafin in iso gida har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Da ya turo manyansa, ina ɗaki ina jin muryoyinsu a zaure. Inna ta shigo, ta tsaya ba ta dube ni ba. Da ma ba ta faɗin sunana, kunyar 'yar fari.

"Ke wannan," ta ce, "tashi ki ɗora masu ruwan shayi. Lidiya sunka zo tambaya."

Lidiya ƙanwata. Yarinyar da na goya, na yi wa kitso, na koya wa ɗaura zane. Mai dariya da ƙarfi, mai ƙona miya. Na tashi na hura gawayi, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.

Baba dattijon ikkilisiya ne, kuma dokarsu a kan masu tashi, wato waɗanda aka yi wa baiko, ba ta da sassauci: saurayi da budurwa ba sa keɓewa, sai da mutum na uku a zaune. Amaryar da ta tsare kanta ita ke shiga ɗakin sujada da farar riga da lulluɓi. Wadda aka samu da zargi kuwa, horo ne: bencin baya, ba karɓar gurasar Jibin Ubangiji a sujada, aure kuma a tsakar gida ba waƙa ba guɗa. To wa za a sa tsaro in ba Tabita ba?

"Ga yayarki nan," in ji Baba. "In tana zaune, kamar ni ne zaune."

Haka na zama gunkin zance. Duk zuwansa sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, in ɗauko faifai ina tsinkar zogale, su suna kan benci, tsakaninsu faɗin mutum biyu. Ina jin komai. Ina jin yadda yake sassauta murya in zai kira sunanta. Ya kawo mata takalmi mai igiya ruwan zuma, ya kawo mata atamfa mai zanen ganye, ni kuma ya miƙo min ledar ƙuli-ƙuli ya ce, "Yaya Tabita, ga na mai gadi." Su yi dariya, ni ma in yi. Wallahi kalmar nan ta "Yaya" da ya mare ni da ta fi min sauƙi.

Ga kuma waya. Ta Lidiya 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar saƙon murya, sai ya riƙa turowa ta tawa. In kai mata ta saurara, ta rufe fuska da tafin hannu, ta mayar min. Ta ɗauka gogewa nake yi. Ban taɓa goge ko ɗaya ba. In na je ɗebo ruwa ko ina garka ni kaɗai, sai in manna wayar a kunne. Na san daidai wurin da yake cewa "Lidiya" a farkon kowane saƙo, sai in tsallake shi da yatsa, sauran maganar ta zama tawa. "Kin ci abinci? Yau rana ta yi zahi, ki riƙa shan ruwa." In amsa a zuciyata, na ci, kai fa? Hotonsa ma da ya turo mata yana tsugune gaban inji, na adana shi. Duk wannan ina yi, ranar Lahadi kuma ina gaba-gaba ina ba da waƙa.

Da aka karanta sanarwar aurensu Lahadin farko, Pasto ya ce wanda ya san dalilin da zai hana ya faɗa, ɗakin ya yi tsit, sannan mata suka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Haƙuri, ɗiyata, naki na tahe." Da muka dawo gida tela ya aiko da farar rigar. Lidiya ta saka ta a ɗakinmu, tana juyi gaban ɗan madubin da ya tsage. Leshi a wuya, dogon hannu, ƙananan duwatsu a ƙirji suna ƙyalli.

"Yaya, ta yi mani kyau?"

"Ta yi."

"Ke za ki ɗaura mani lulluɓin, ko? Ba ni son hannun kowa sai naki."

Na ce to. A lokacin ne tunanin ya zo min, kuma bai zo da ƙaho ko wutsiya ba. A hankali ya zo, da muryar mai gaskiya. Ya ce, wannan farar rigar wa ya saya mata ita? Ba zamanki a tabarma ba ne? A ɗage ki sau ɗaya mana, a ga ko tsarkin nata ne ko aro ne.

Ranar Asabar Baba da Inna suka tafi Maraɗi sayen katifa da kwanonin jere. Damina ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Da hantsi Barnaba ya iso, ya jingina babur a zaure. Ya ba Lidiya wayarsa ta saka masa a caji a ɗakinmu, inda batirin hasken rana yake. Na shimfiɗa tabarma kamar kullum. Na ɗauki wayata na rubuta wa matar Pasto:

"Mama, barka da hantsi. Inna ta aje maki zogale, ki biyo ki amsa kahin shi yi yaushi."

Ba ƙarya a ciki, Inna ta ajiye ɗin. Ta amso, "To ɗiyata, gani nan." Gidansu ba nisa. Na dafe kai na ce ciwo yake min, bari in karɓo magani a bakin hanya.

"Yaya, mu jira ki a ƙohwar gida?" in ji Lidiya.

"Yanzu zan dawo. Ku zamna."

Na fita ta zaure, na zagaya ta lungu, na shiga garken awakinmu ta baya. Dangar kara ce tsakaninsa da tsakar gida, ana ganin komai ta tsakankanin karan. Na tsuguna cikin taɓo da kashin awaki, ni Tabita abin misali, zanena yana shan ƙazanta, ina roƙon ƙanwata ta faɗi.

Barnaba ya dubi zaure, ya dube ta, ya matso kaɗan a kan bencin. Na ga ya miƙa hannu. Ban san ko murna nake ko kishi ba.

Lidiya ta miƙe tsaye.

"Tashi ka tahi."

"Haba Lidiya, hannu kaɗai. Kwana nawa ya rage?"

"Shi ya sa. Abin da za a ba ka gaban jama'a, mi ya kai ka satarshi? Tashi, in Yaya ta dawo ka dawo."

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariyar kunya, ya ce ta yi gaskiya, ta ɗauko masa wayarsa. Ya tsaya a tsakar gida, ita ta ɗaga labule ta shiga. Ashe ba aro ba ne.

Sai ihu. "Wayyo Allah, maciji!"

Ya faɗa ɗakin da gudu, ya fito da ita nan take, yana janye da ita a tsintsiyar hannu. Kallabinta ya faɗi a ciki, kitsonta a waje, tana haki, ta ƙanƙame masa riga. Ko numfashi uku ba su yi a ɗakin ba. Kuma na ga macijin da idona. Baƙi ne siriri, ya fito ta rariyar bayan ɗaki, ya ratsa garken ta gefen ƙafata, ya shige ciyawar lungu.

Daidai nan Mama, matar Pasto, ta yi sallama ta shigo.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta dubi kan Lidiya, ta dubi hannunsa a nata, ta dubi tabarmata ba kowa. Suka hau rantse-rantse, suna nuna ɗaki. Aka kira maƙwabta aka fitar da komai, aka ɗaga katifa, aka zazzage akwati, ba maciji ba alamarsa. Mama ta gyara mayafi ta ce, "Maciji kam ya shigo gidan ga." Ta tafi ba ta ɗauki zogalen ba.

Ni kuwa na zagayo ta zaure da ƙwayar magani a hannu, wadda da ma tana ƙulle a bakin zanena. Na zaro ido na ce, "Mi ya hwaru?"

Lahadi ba a karanta sanarwa ta biyu ba. Pasto ya ce an dakatar har dattawa su zauna. Kun san garinmu, kafin la'asar maganar ta kai bakin tabki, masunta ma sun ji. Baba ya daina cin abinci a gida. Ni ya yi min faɗa sau ɗaya, cewa da na aiki yaro sayen maganin, shi ke nan laifina a wurinsa. Lidiya ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Inna ta naɗe farar rigar ta cusa a ƙasan akwati kamar kayan mamaci.

Kuna tsammanin na ji daɗi? Na jira daɗin, bai zo ba. Abin da ya zo wani nauyi ne a ƙirji, kamar na haɗiyi dutsen niƙa. Amma ban tuba ba, kada in yi muku ƙarya. Cewa nake yi, ai ban ce komai ba, ban yi wa kowa ƙazafi ba, zogale kawai na ce a zo a karɓa.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Sa'adatu, mahaifiyar Barnaba, daga Safo a kan amalanke. Suka shige ɗaki da Inna. Ina bakin murhu ina tuƙa tuwo, kunnena yana wurinsu.

"Ni tun farko babbar nike so," in ji Gwaggo. "Yaro ne da kahiya. Zumunci ba ya lalacewa don yarinya guda. Kaya na gidanku, sadaki na gidanku. In dattawa sunka yanke, a huce a maida magana kan mai kamun kai. Shi zan san yadda zan yi da shi."

Muciya ta tsaya a hannuna. Tuwon ya fara kamu ban sani ba.

Da ta tafi Inna ta kira ni. Idonta ya yi ja, amma muryarta a tsaye take.

"Kin ji, na san kin ji. Ba ni na nema ba. Amma ke wannan, shekaru na tahiya, kuma samarinmu kin san yawansu. In anka tambaye ki gaban dattawa, ki hwaɗi abin da kinka sani: kin hita, ba ki ga komi ba. Sauran ki bar ma Allah."

"Inna, Lidiya fa?"

"Lidiya ta ɓarar da nata. In rasa biyu?"

Ga shi nan, masu karatu. Abin da na yi shekara ina lasa a waya, an zubo min shi a akushi. Ba sai na yi ƙarya babba ba. Kalma huɗu kawai, ban ga komai ba, sai in tashi da mijin, da kayan, wataƙila har da rigar in an rage mata tsawo.

Da yamma saƙonsa ya shigo, wannan karon nawa ne, ba suna da zan tsallake.

"Yaya Tabita, ke kin san halin ƙanwarki hiye da kowa. Ni na yi kuskure na miƙa hannu, ita ta kore ni. Don Allah ki hwaɗa masu wace ce ita."

Na karanta, na kifa wayar. Ko a cikin wannan halin, abin da zuciyata ta fara cewa shi ne, ya rubuto min.

Ranar da dattawa za su zauna, da safe na tarar da Lidiya ta tashi. Tana bakin randa tana wanke fuska, wuyanta ya zama kamar na 'yar tsana. Ta ce in taimaka in gyara mata kitson da ya tsufa, kada ta je gaban manya kamar mahaukaciya. Ta zauna tsakanin ƙafafuna kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Ina tsefewa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ni na gode ma Allah da ke za a tambaya. Ko ba ki gani ba, in kinka ce kin yarda da ni, za su yarda."

Na ci gaba da tsefewa.

"Kin san wani abu? Ni ba ni da ƙarhi irin naki. Ina son shi, Yaya, har tsoro nike ji. Ran nan da ya miƙo hannu, wallahi jikina ya so. Sai na tuna ki. Na ce Yaya ta yi shekaru ba wanda ya taɓa ta, ba ta da mai gadi, ba ta yi gunaguni ba, ni ɗan lokacin ga za ya gagare ni? Kullum haka nike yi. In na ji zan karkace, ke nike tunawa."

Tsinken kitson ya faɗi daga hannuna. Ta ɗauko ta miƙo min ta bayan kai, ba ta juyo ba. Gara da ba ta juyo ba.

A nan na ga kaina, kuma ban ji daɗin ganin ba. Yarinyar nan namiji yana gabanta, tana sonsa, ba kowa a gidan, ta ce masa tashi. Ni kuwa da ba wanda ya taɓa ko farcena, na shekara ina kwana ina tashi da mijin ƙanwata a zuciya. Jikin kawai na kulle, na bar ido da kunne da rai a buɗe kamar gidan da ba ƙyaure. Wa'azin da na sha ji, cewa sha'awar abin wani a zuci ita ma zina ce, kullum ina ɗauka da maza ake. Wadda Lidiya take tunawa ba ta taɓa wanzuwa ba, amma ita ce ta tsare ta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoron Allah.

Na gama kitson. Na zagaya bayan ɗaki, na buɗe wayar. Saƙonnin suna nan jere. Yatsana ya so in saurari ɗaya na bankwana, na san in na saurara ba zan iya ba. Na goge su duka, na goge hoton, na goge lambar. Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa na ce, "Ubangiji, ba ka ci bashina ba. Abin da ba ka ba ni ba, ka cire min shi daga rai ko da zai fita da nama." Iyakar addu'ar ke nan, ba ta fi haka ba.

A ɗakin sujada aka zauna. Pasto da dattawa a gaba, Baba a cikinsu amma ya ja kujerarsa gefe. Mama tana nan, Inna da Gwaggo Sa'adatu suna benci ɗaya. Barnaba can, Lidiya nan, kowa kansa a ƙasa. Mama ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ba ta rage ba. Su ma suka faɗi nasu. Wani dattijo ya ce maganar maciji ba ta da shaida. Sai Pasto ya juyo.

"Tabita, ke anka ba amana. Mun san kin hita neman magani. Akwai abin da kinka gani ko kinka ji?"

Inna ta ɗago ta dube ni. Gwaggo ta yi min ɗan murmushi. Na miƙe.

"Na ga macijin."

Pasto ya gyara zama.

"A ina kinka gan shi," in ji Pasto, "ke da kina bakin hanya?"

"Ban je bakin hanya ba. Ina cikin garken awaki, bayan danga. Kaina bai yi ciwo ba. Ni na kira Mama da gangan, ni na bar su da gangan, don a kama su. Ya miƙa hannu, ta ce shi tashi shi tahi. Waya ta shiga ɗauko mashi. Macijin ta gehen ƙahwata ya wuce."

"Don mi?" Muryar Baba ce. Ban taɓa jin ta haka ba, kamar ta tsohon da ya kwana biyu bai sha ruwa ba.

Wannan ce tambayar da na fi tsoro. Zan iya cewa gwada su na yi, a matsayina na babba, da an yi min faɗa an wuce. Har maganar ta zo bakina.

"Don ina son shi ma kaina, Baba. Don ina baƙin cikin rigarta."

Inna ta ɗora hannu a ka. Gwaggo Sa'adatu ta ja jikinta daga kusa da ita kamar bencin ya yi zafi. Mama ta fashe da kuka, ta tashi ta je ta durƙusa gaban Lidiya tana neman gafara, babbar mace da ita. Barnaba ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai. Baba kuwa ya sunkuyar da kai. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya zauna yana kallonta.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Za a ci gaba da sanarwa, Lidiya za ta shiga da farar rigarta. Barnaba an ja masa kunne. Ni kuma bencin baya, ba waƙa, ba Jibi, sai ranar da dattawa suka ga dama. Baba ya ce shi ma ya sauka daga dattijantaka, wanda bai san abin da ke cikin gidansa ba ba zai duba gidan Allah ba. Suka roƙe shi, ya ƙi.

Zan gaya muku abin mamaki. Da na fito, sunana ya mutu, ubana ya sauka, uwata ba ta iya kallona, amma nauyin nan na ƙirji babu shi. Barnaba ya tada babur ɗinsa ya wuce ta gabana, na ga mutum ne kawai a kan babur, mijin ƙanwata. Ban ce na warke ba. Na san gobe da safe abin zai sake ƙwanƙwasa ƙofa, kuma sai na sake ƙin buɗewa, jibi ma haka. Amma yau na ƙi, kuma wannan ne karo na farko da kamun kaina bai zama kuɗin sayen komai ba.

Lidiya ba ta yi min magana a hanya ba. Da muka iso gida ta shiga ɗakinmu, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki matashinta da akwatinta. Ina tsaye a bakin ƙofa. Kitson da na yi mata da safe yana nan a kanta, layi-layi.

"Lidiya."

Ta tsaya.

"Duk kwanakin ga," ta ce, "ina kwance nan ina roƙon Allah shi ɗauki raina, kina kwance gehena, kin ga macijin?"

"Na gan shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Na yahe maki, tunda an ce mu yahe. Aure kuma za a ɗaura." Ta gyara riƙon akwatin, ta dube ni cikin ido. "Amma Yaya, in na ji zan karkace yanzu, wa zan tuna?"

Na matsa mata, ta wuce da kayanta ɗakin Inna.